Ƙusa a Takalmin Mama

Sau uku Auta tana kai wa mahaifiyarta maganar Dogo, sau uku Mama tana cewa a'a. Na farko da dariya ta faɗa, na biyu da faɗa, na uku kuwa ko kai ba ta ɗaga daga keken ɗinkinta ba. Ta ce ba ta raina sana'arsa ba, ɗinkin takalma ba abin kunya ba ne, kuma ta ji an ce yaron yana da hankali. Abu ɗaya ne dai, ba za ta ɗauki 'yarta ta kai gidan jinya da sunan aure ba.

Dogo bai ga laifinta ba, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da ƙarya aka yi masa, da ya sami abin musu. Yana da shekara ashirin da shida aka gano ciwon suga a jikinsa. Yana cika talatin hawan jini ya biyo sahu. Bara kuma likita ya juya takardar gwaji sau biyu, ya ce ƙoda ta fara gajiya, a rage gishiri, a daina shan maganin ciwon jiki barkatai.

Yanzu shekarunsa talatin da biyar. Yana da ƙwayoyi kala huɗu, da allura safe da yamma, da katin asibiti da ya yi kauri har sai da aka ɗaure shi da roba.

Shekara tara ke nan yana zaman bencin asibitin nan duk wata. Lokacin da ya fara zuwa, shi kaɗai ne mai baƙin gashi a cikin furfura, har tsofaffi kan tambaye shi wa ya rako. Yau rabin bencin sa'anninsa ne. Ga direba, ga mai gyaran waya, ga wata da goyo a bayanta, kowa da ciwo biyu ko uku kamar an yi rabo. Sista mai kiran suna takan ce da can mutum ɗaya ciwo ɗaya, yanzu sai ta nemi ƙarin takarda kafin ta gama rubuta na mutum guda. Sai a yi dariya, don in ba a yi ba kuka ne zai zo.

Auta ta san duk wannan tun farko, bai ɓoye mata ko ƙwaya ɗaya ba. Malamar firamare ce mai shekara ashirin da takwas, kuma ta fi shi haddace ranakun asibitinsa. In ya ce ya manta, sai ta harare shi irin hararar da take yi wa 'yan aji uku.

Sai ga Koci.

Koci ɗan aminiyar Mama ne, shi ke koyar da motsa jiki a makarantar su Auta. Mutum ne wanda ko mura sai ta yi shawara kafin ta kama shi. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci, amma yana da wata ɗabi'a. In ya kawo takalmin ƙwallonsa gyara, sai ya tsaya a bakin shago yana miƙa, ya ɗaga murya ya ce wa Dogo ya jiki, ko da kuwa ya tarar da shi garau yana waƙa. Duk layin sai an ji.

Ranar Alhamis ya zo da takalmi a leda, ya yi ya jikinsa, sannan ya jingina da ƙofa ya ce ai Mama ta ba mahaifiyarsa dama, ƙarshen wata za su turo manya. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Basilla tana hannun Dogo a lokacin. Bai ajiye ba, bai kuma ɗaga kai ba. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya ƙarasa ɗinkin, ya datse zaren. Abin haushi, ɗinkin ya yi kyau fiye da na kullum, don hannunsa bai san hassada ba ko da zuciyarsa ta sani.

Ana tashi daga makaranta Auta ta shigo shagon. Ta ture tarin fata ta zauna a kan bencin masu jira, jakarta a cinya, idanunta jawur. Warin gam ya cika wurin. Bai tambaye ta me ya faru ba, ita ma ba ta tambaye shi ko ya ji ba.

Ya jima yana juya wani takalmi a hannu kafin ya yi magana.

"Malama, Mama ba ta yi ƙarya ba. Wata rana zan kwanta."

"Wanda ba shi da kati ma yana kwanciya."

"Amma ni an riga an faɗa mini."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ta ce tana da shekara goma sha uku mahaifinta ya fara ciwo, tana da ashirin da biyar ya rasu. A tsakani babu abin da ba ta gani ba. Ta juya shi a gado, ta ba shi abinci a baki, ta wanke abin da ba a faɗa. Har shekara biyu ta ajiye karatu.

"Kowa gani yake ban san abin da nake zaɓa ba," ta ce. "Ni kuwa na fi kowa sani. Na san warin ɗakin jinya, Dogo. Na sani, kuma na ce kai nake so. Me ya rage in yi?"

Son ta ya cika masa ƙirji har yana jin zafinsa, tare da kunya, don ya san ita ke ɗaukar nauyin wannan soyayyar, shi nasa sauƙi ne.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce ta yi kwana biyu tana roƙo, har Mama ta yarda ta gan shi sau ɗaya. Asabar da hantsi. Ta ce kada ya sa rai da yawa, don Mama cewa ta yi gara ta faɗa masa a gaban idonsa ya huta.

Ya ce zai zo.

Ranar Asabar ya yi allurarsa da wuri, ya karya, ya sa alewa biyu a aljihu ko da suga zai faɗi masa a hanya. Ya sa rigarsa mai ruwan toka wadda Auta ta ce ita kaɗai ce ba ta mai da shi kamar sandar lantarki. A hanya ya shirya magana kala uku, yana isa bakin gidan duk suka gudu.

Gidan haya ne mai hawa biyu, su Auta suna ƙasa. Baranda ce 'yar ƙarama, da igiyar shanya, da bokiti a kife, da takalma jere a bakin ƙofa. Daga ciki ana jin ƙarar keken ɗinki. Auta ta leƙo ta labule ta yi masa alama ya jira, za ta sanar.

Ya sunkuya zai cire takalminsa, sai idonsa ya faɗa kan wani rufaffen takalmin mata, baƙi, mai faɗi. An sake masa dunduniya, kuma wanda ya yi aikin bai ji tsoron Allah ba. Ya buga ƙusoshi a karkace ya shafe da baƙin mai. Dogo ya yi tsaki a ransa ya ɗauka.

Tun shekarar farko likita ya gargaɗe shi cewa ciwon suga yana kashe jin ƙafa a hankali, har mutum ya taka kwalba bai sani ba. Ya ce kada ya taɓa sa ƙafa a takalmi sai ya fara sa hannu. Shekara tara hannun yana wannan aikin, har ya zama ba ya neman izininsa. Nasa da na mutane, duk takalmin da ya ɗauka sai yatsunsa sun shiga sun laluba.

Suka shiga na dama, lafiya. Suka shiga na hagu, wani abu ya soke shi.

Ya zaro hannu, ga ɗigon jini a ɗan yatsansa. Ya karkata takalmin wajen haske ya leƙa. Ƙusa ce ta ɓullo ta ciki, tsininta a tsaye daidai inda dunduniya ke sauka. Kewaye da ita shimfiɗar takalmin ta yi baƙi ta yi tauri. Ya san wannan baƙin. Jini ne da ya bushe, wani ya hau kan wani, ba na yau ba kuma ba na jiya ba.

Auta ta dawo ta same shi a tsugune. Ta yi ƙasa da murya ta ce don Allah yau dai ya bar aiki a shago. Ya tambaye ta takalmin wane ne. Ta ce na Mama, da shi take zuwa kasuwa sayo yadi kusan kullum, ta ce ya fi kowanne daɗi.

Ya ajiye takalmin inda ya same shi, ya goge yatsa a cikin aljihu, ya bi ta ciki.

Falon ƙarami ne, keken ɗinki ya cinye wajen taga. Mama tana zaune a bayansa, mace mai jiki wadda ta fara zubewa, tabarau a kan hanci. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa, ta nuna masa kujera.

Bai so ya duba ba, amma ido ba ya jin magana. Ga babbar robar ruwa a gefenta, saura kaɗan ta ƙare, da sauran safiya. Ga allurai biyar a soke a jikin labule, kowace da zarenta an riga an zura. Ga safa mai kauri a ƙafafunta, a wannan zafin da ko fanka ta gaza.

Mama ta aiki Auta shagon bakin titi ta sayo farin zare. Auta ta ce akwai a gwangwani. Mama ta ce ba irinsa take so ba. Auta ta dube shi sau ɗaya ta fita.

Mama ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce ta yi bincike a kansa, ba ta ji abin ƙi ba, ko sigari an ce ba ya sha. Ta ce ciwo ba laifi ba ne, ba shi ya ɗora wa kansa ba. Amma ita ta yi shekara goma sha biyu a bakin gado. Mijinta da hawan jini ya fara, suga ya zo, ɓarin jiki ya shanye, daga baya aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Ta ce ta kalli ƙuruciyar Auta tana ƙarewa a tsakanin baho da kwalaben magani, ta yi wa kanta alkawari ba za a sake ba.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. In kana son ta da gaske, kai da kanka za ka janye."

Ya ce ya ji, ya kuma gode da ta faɗa masa da bakinta. Ya kamata ya tashi a nan. Ya dafa hannun kujera, sai ya kasa.

"Mama, ki gafarce ni. Akwai ƙusa a takalminki na hagu."

Ta yi ɗan murmushi ta ce ai masu gyaran yanzu sai a hankali, za ta ba shi ya cire tunda sana'arsa ce.

"Ta daɗe a ciki, Mama. Na ga jinin. Mai lafiyar ƙafa ba ya taku biyu a kanta."

Murmushin ya tafi. Ta janye ƙafarta ta hagu ƙarƙashin keken a hankali.

"A takalmi take?" ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Wata ɗaya ina neman abin da ya huda ni."

Daga nan maganar ta ɓalle mata kamar wadda ta gaji da riƙo. Shekara biyu ke nan ta san ita ma tana da suga da hawan jini. Ba ta buƙaci likita ba, ta ga ƙishirwar, ta ga yawan fitsarin, ta ji kan nan da ke sara mata ta ƙeya, duk ta san su a jikin mijinta. Idonta ya fara hazo, shi ya sa take sa Auta ta zura mata allurai kafin ta tafi makaranta, ita kuwa yarinyar ta ɗauka tsufa ne.

Ta jawo durowar keken. Ƙarƙashin ƙyallaye da maɓallai ga fakitin ƙwayoyi. Ta ce maganin marigayi ne, ta haddace sunayensu da kalarsu tun tana ba shi. Takan je wani kemis mai nisa ta saya, ta sha yadda yake sha, fara da safe, ja da yamma.

Dogo ya ji kamar ya yi kuka. Ya ce mata maganin Baba da jikin Baba aka auna shi, nata jikin daban ne, kuma wani ma in ƙoda ta taɓu illa yake yi. Ya ce miki a ƙafar mai suga ba ya jira, kwana ɗaya ma yana da yawa. Ya roƙe ta su tafi asibiti yau.

"Su yanke?"

"Ba kowa ake yanke wa ba."

"Ni na riƙe masa kai ranar da aka fito da shi. Na ɗaga zanen na gani." Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. "Kuma in Auta ta sani, shi ke nan. Ba kai ba, ba Koci ba, ba kowa ba. Za ta ajiye aiki ta zauna a gindina har ta tsufa. Ka zaci ƙin ka nake yi? Tsoro nake ji in bar mata majinyata biyu. Ta juya uwa, ta juya miji, ita wa zai juya ta?"

Bai taɓa jin tausayin mutum kamar yadda ya ji nata a lokacin ba. Ashe duk a'ar nan uku daga cikin durowar nan suka fito.

Mama ta rufe durowar. Ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da take yi wa yadi kafin ta sa almakashi.

"Bari mu yi magana ta manya. Ka rufa mini asiri, ni kuma in ba ka ita."

Ya ɗaga kai.

"Yau zan kira aminiyata in ba ta haƙuri. Ka turo naka manyan ƙarshen wata. In ba a taɓa ni ba, ba zan daɗe ba, na san hanyar. Zan tafi da ƙafafuna biyu, ban wahalar da kowa ba. Sai ya rage mata majinyaci ɗaya, kai. Wannan zan iya yarda da shi."

A faɗi gaskiya, zuciyar Dogo ta karkata. Ba waliyyi ba ne, mutum ne da ya yi shekara biyu yana son mace ɗaya, ga ta an miƙo masa. Abin da ake nema a wurinsa shiru ne kawai, kuma ya iya shiru. Har wata murya ta ce masa ai zai iya karɓa yanzu, in an ɗaura aure ya lallaɓa ya faɗa. Sati uku ne kawai.

Amma ya san abin da sati uku ke yi wa irin wannan ƙafar. Ya ga mutane a bencin asibiti da suka ce bari a gama biki, bari a gama jarrabawar yara. Wata na zagayowa sai a gan su da sanda, wasu kuma ba a sake ganinsu ba. Ya kuma tuna cewa zai kwana ya tashi da Auta yana kallon idonta, da wannan abin a cikinsa.

Aka ji takunta a baranda. Mama ta mayar da tabarau da sauri, ta goge kumatu, ta kafe shi da ido.

Auta ta shigo da zare a hannu. Ta dubi uwarta, ta dube shi, tana neman amsa a fuskokinsu.

Dogo ya juya wajenta.

"Auta, ki cire wa Mama safar ƙafar hagu ki duba."

Mama ta lumshe ido.

Auta ta tsaya kamar ba ta fahimta ba, sannan zaren ya faɗi daga hannunta. 'Yar da ta yi jinyar mai suga shekara goma sha biyu ba ta buƙatar ƙarin bayani. Ta zube a gaban keken ta jawo ƙafar. Mama ba ta hana ta ba, ƙarfin hanawar ya ƙare.

Safar ta manne. Sai da ta jiƙa ta da sauran ruwan robar kafin ta fita. Ƙarƙashinta an naɗa ƙyallen yadi, ƙarƙashin ƙyallen kuma rami ne a dunduniya, gefensa ya yi fari, kewayensa ya kumbura ya yi ja. Wani wari ya taso wanda su ukun duk sun san shi.

Auta ta danna gefen mikin da yatsa.

"Mama, da zafi?"

Mama tana kallon bango. "Kin fara taɓawa ne?"

Kukan da Auta ta yi ba mai ƙara ba ne. Ta kifa goshinta a gwiwar uwarta, kafaɗunta na girgiza, tana cewa a gida ɗaya suke kwana, ita ke zura mata allura kullum, ta yaya ba ta gani ba. Mama ta ɗora hannu a kanta, amma idonta yana kan Dogo, kuma babu sauran taushi a cikinsa.

"Tashi ki ji. Na ba shi ke a hannu yanzun nan, na ce ya yi shiru kawai. Ya ajiye ki ya ɗauki surutu. To ya zaɓa. Maganar ƙarshen wata tana nan yadda take."

Dogo ya miƙe. Bai kare kansa ba. Ya ce wa Auta kada ta sa ruwan zafi, ta rufe da tsumma mai tsabta, kada Mama ta taka ƙafar. Ta kwashe duk ƙwayoyin da ke cikin durowa ta tafi da su, likita zai so ya gani. Su nufi sashen gaggawa, ba layin kati ba. Ya yi sallama ya fita, ba wanda ya amsa.

Yana baranda ta biyo shi, fuska jiƙe, mayafi a karkace.

"Da gaske ta ce za ta ba ka?"

"Da gaske."

"Ka san Mama ba ta janye magana. Ka san abin da ka yi mana?"

"Na sani."

"Da ka bari an ɗaura, sai mu faɗa tare, sai mu..." Ta kasa ƙarasawa, don ita ma ta ga mikin.

"Ƙafar ba ta da sati uku, Auta."

Ta dube shi, haushi da so suna kokawa a fuskarta, ba wanda ya kayar da wani. Ta ce ba ta san ko ta gode masa ko ta tsane shi ba. Ya ce ta yi duk wanda ya fi mata sauƙi, amma ta fara nemo tasi. Ta zura silifas ta fita da gudu.

Ya tsaya shi kaɗai a barandar. Baƙin ciki ya sauko masa gaba ɗaya. Shi ke nan, ya rasa ta, kuma da bakinsa. Ya juya zai tafi kafin ta dawo, don ba zai iya sake kallon idonta ba.

"Kai, ɗan nan."

Daga ciki muryar ta fito. Ya ɗaga labule. Mama tana nan inda suka bar ta, ƙafar a kan ƙaramar kujera, hannayenta a cinya. A 'yan mintunan nan ta tsufa. Ba ta dube shi ba.

"Tunda kai ba ka iya rufa asiri ba, ƙila ba ka iya ƙarya ba. Kai ka san wurin nan. Yankewa za su yi?"

Ya matso ya tsuguna ya dubi ƙafar da kyau, yatsun, da kalar fatar, da inda jan ya tsaya. Ya ce shi ba likita ba ne, ba zai yi mata alkawari ba. Amma ya ga waɗanda suka fi wannan muni sun warke, in an zo da wuri. Ya ce za ta sha wanki, za ta sha allura, ƙila a kwantar da ita, kuma daga yau ita da asibiti sai dai haƙuri, kamar shi.

"In mun je yau, ina sa rai, Mama. In gobe ne, ban sani ba."

A waje aka ji mota ta tsaya, da muryar Auta tana ce wa direba ya matso bakin ƙofa. Mama ta yunƙura za ta tashi da ƙafa ɗaya, ta koma ta zauna. Ta sake gwadawa, keken ya girgiza, ta koma.

"Kada ka zaci wani abu ya canza," ta ce, tana haki. "Ba zan ba ka 'yata ba."

"Na ji, Mama." Ya juya mata kafaɗa ya rusuna daidai tsayinta. "Ki dafa nan. Kada ki sauke ƙafar ƙasa."

Ta dubi kafaɗar, ta dubi ƙofa. Sannan ta ɗora hannunta, ta sakar masa nauyinta duka, ya ɗaga ta.